Baƙin Zaren Yaya

Aikin da nake yi a unguwar Karama, nan ƙasar Larabawa, duk wanda na faɗa wa a gida sai ya yi dariya. Ƙuda nake ɗaurawa. Ƙudan ƙarya, wanda masu hali suke yaudarar kifi da shi. Za ka ɗauki ƙaramar ƙugiya ka matse ta a bakin wani ƙarfe da ke kafe a tebur, ka kawo gashin zakara ko na agwagwa, ka naɗe su da zare har abin ya yi kama da ƙwaro. Mai shi ya je ya wurga a ruwa, kifi ya zaci abinci ne ya haɗiye. Sana'ar ke nan. Mu da muka taso muna tono tana a bayan gari muna kama tarwaɗa, ga mu da furfura muna yi wa ƙugiya kwalliya.

Wan matata ne ya shigar da ni. Yaya nake ce masa, yadda ita take ce masa. Ya riga ni zuwa ƙasar nan, shi ya nema mini biza. Na yi shekaru ina ɗaure kaya wajen 'yan kago, masu aika kaya ta jirgi, har bayana ya ƙi, sai ya roƙa aka ba ni kujera kusa da tasa a ɗakin bayan wani kanti da ake sayar da kayan kamun kifi. Ɗakin ba taga. Tebur ɗaya, fitila, esi mai tari kamar tsohon mashayin taba, sai bango guda cike da zarurruka, kowace ƙwaryar zare da lambarta a gindi.

Yaya ɗan marina ne. A bakin karofi ya tashi, mahaifinsa har aka kai shi kabari faratansa ba su koma fari ba. Da rini ya mutu a garinsu sai ya koma ɗinkin hula, daga nan hannunsa ya saba da siririn zare. Shi ya koya mini zaɓen zare, kuma da zagi ya koya mini. In ƙugiya ƙarama ce, siriri za ka ɗauka, in ba haka ba kan ƙudan ya kumbura kamar an mare shi. In babba ce ta kifin teku, ka nemi zare mai faɗi mai jure ja, wanda zai danne gashi bai yanke shi ba. Ka ja shi tsakanin yatsu har ya tsinke, ka san iyakarsa tun kafin ya ba ka kunya a tsakiyar aiki. Ka goga shi a leɓe, in ka ji gashi-gashi ka ajiye. In ya cika santsi ka bi shi da kakin zuma.

"Hannunka na mai faskare ne," haka yake ce mini. "Ja a hankali, ba akuya kake ɗaurewa ba."

Ban taɓa mayar masa ba. Wan matarka surukinka ne, ko ya taka ka sai ka ce masa sannu.

Mai kantin wani Balarabe ne da ba ma ganinsa sai jifa-jifa. Wanda ke kanmu mutumin Nijar ne, ya yi bokon Faransanci, kowa Patron yake ce masa, wato maigida. Mutum ne mai son ya ga fuskarka lokacin da yake faɗa maka mugun labari. Wata rana ya shigo ɗakinmu da kofin shayi a hannu, ya jingina da ƙofa, ya ce yanzu ana shigo da ƙudaje a kwali daga waje, masu araha, saboda haka Balarabe ya ce in bizarmu ta ƙare, ta mutum ɗaya zai sabunta. Tamu kuwa kusan tare za su ƙare.

"Ku biyu, kujera ɗaya," in ji shi. "Bon. Ku yi ta aiki, ina kallo."

Ya kurɓi shayinsa ya tsaya yana duban mu, ni da Yaya, kamar mai jiran zakaru su fara.

A unguwar Nahda muke kwana, ɗaki ɗaya da wasu samari 'yan gida masu aikin gadi da kai saƙo. Gadonmu mai sama da ƙasa ne, Yaya a ƙasa, ni a sama. Daga ranar nan muka daina hira. Mu shiga bas tare, mu sauka tare, ba mai cewa uffan. Kuma ba wanda bai san wa zai zauna ba. Hannun Yaya ya fi nawa, ni ma na sani. Har na fara zagayawa wajen 'yan kago ina tambaya ko akwai aikin da ba na ɗaga kaya ba. Babu. In aka ƙi sabunta maka biza a ƙasar nan kuma ba ka sami wani ya ɗauke ka ba, sai gida, da 'ya'ya suna jiranka da baki buɗe.

Ana cikin haka wani saurayi ya shigo kantin. Ɗan wajenmu ne, injiniya a wani babban kamfani, da agogo da turare da makullin mota a yatsa. Ya jiyo Hausa daga ɗakin baya sai ya leƙo.

"A'a! Mutanenmu ne a nan? Baba, sannu da aiki."

Na ga yadda Yaya ya ɗago kai. Shekara da shekaru a ƙasar nan ba abin da yake ji sai yalla, yalla, wato yi sauri. Yau ga yaro mai mota ya rusuna ya ce masa Baba.

Injiniya ya zauna a bakin tebur ya yi bayani. Ogansa Bature ne, mayen irin wannan kamun kifin. Ya gayyaci ma'aikatansa wata gona a Hatta, can cikin duwatsu, mai tafkin da aka zuba karfasa. Shi kuma yana so ya je da akwatin ƙudaje aikin hannu ya ba ogan kyauta, ya ce masa mutanensa ne suka yi. Akwai maganar ƙarin girma a ofis, yana so a tuna da shi.

"Fiffike fari, jiki baƙi," ya ce. "Amma baƙi na gaske nake so, Baba, ba na wasa ba. Wanda in ya gani zai san an yi aiki."

Yaya ya yi murmushin da na daɗe ban gani ba. "Ɗana, ai ka zo gidan baƙi."

A ƙa'ida, in mai saye ya zo, Patron ne yake ɗauko zaren daga bango ya nuna masa, a tsayar da lamba. Ranar ya leƙo ya ji ana Hausa, sai ya ɗaga hannu ya ce, "To, kun ji juna," ya koma gaban kanti.

Ga inda abin yake. A wajen marina, zanen da aka tsoma a baba aka sake tsomawa har ya ƙoshi, aka kai mabuga aka buge shi da shuni har yana ɗaukar ido, sunansa baƙi. Ba mai ce masa shuɗi. Shuɗi shi ne wanda bai gama shan rini ba. Baƙin rawani, baƙar riga, duk wannan ne. Kuma in ka naɗa rawanin ya bar maka shuni a goshi da wuya, abin alfahari ne, shaida ce ba jabu ka saya ba. Baƙin da ke bangon kantinmu kuwa, Yaya bai taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. Baƙin gindin tukunya yake ce masa, mataccen baƙi. Yana ɗaura wa Turawa shi ne don ba su san wani ba.

Amma wannan ɗan gida ne, kuma ya ce na gaske.

Washegari Yaya ya bi bango da ido ya ciro zaren da ya fi kowane duhu a cikin masu launin baba. Ya zaro wata batta daga aljihu. Na san battar, a ƙasan jakarsa take tun zuwansa, da ɗan curin shuni a ciki na gidansu. Ya gutsura, ya murje a murfi, ya cuɗa da kakin zuma, ya riƙa jan zaren ta ciki a hankali. Ƙudan farko da ya gama, na ɗauka na duba a fitila. Ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa ganin mai kyansa ba. Jikin yana sheƙi kamar wuyan tantabara.

Na dai yi magana. Na fara ta gefe, yadda ake yi wa suruki.

"Yaya, anya yaran yanzu sun san wannan baƙin kuwa?"

Ko kallona bai yi ba.

Da na ga ya ci rabin aikin, sai na faɗa masa kai tsaye. "Yaya, baƙin kanti yaron nan yake nufi. Ga shi can a bango. Wannan kuma in ya sha ruwa zai zuba, ga fiffiken fari ne."

Ya ajiye almakashi. Ya cire tabarau ya goge shi da bakin riga, ya mayar, sannan ya juyo.

"Ubanka gyaɗa ya noma har ya mutu. Kai ne za ka koya mini baƙi?"

"Allah ya ba ka haƙuri, Yaya."

"Ko kujerar ce ta fara yi maka magana? So kake in ba ɗan mutane gawayi, a ce aikina ya lalace? Na ba ka ƙanwata, na kawo ka ƙasar nan, na sa maka zare a hannu. Saura me? Idona kake so?"

Na koma kan ƙugiyata. Wajen Patron kuwa ban je ba. In na je, sunana wanda ya kai ƙarar surukinsa don kujera, har jikokina sai an goranta musu.

Injiniya ya zo ya karɓa. A hasken kanti abin baƙi ne wuluk, sai ɗan sheƙin nan. Ya yi ta masha Allah, ya dafa kafaɗar Yaya suka ɗauki hoto. Makon nan Yaya har tafiyarsa ta sake. A ɗaki ya nuna wa samari hoton da aka turo masa, ya ce manyan mutane sun san aiki. Muna cin abinci ya dube ni a gaban kowa ya ce, "In za ka tafi ka faɗa mini da wuri, akwai atamfa da zan ba ka ka kai wa ƙanwata." Samari suka kwashe da dariya. Na ci gaba da cin shinkafata.

Ranar da aka koma aiki bayan hutun mako, da hantsi, muka ji ƙofar kanti ta bugu. Murya ta tashi da Turanci. Ba na jin Turanci sosai, amma na ji bulu, bulu, bulu. Daga baya Patron ya fassara mana, yana jin daɗin kowace kalma. Wai da aka jiƙa ƙudajen a tafki, fararen fikafikan suka koma kalar ruwan wanki. Bature ya kama da hannu yana ɗaurawa, yatsunsa suka rine. Rana ta yi zafi ya share gumi, ya shafa a goshi da hanci da farar rigarsa, bai sani ba, har sai da matarsa ta gani ta fashe da dariya. Abokan aiki suka ɗauki hotuna. Wani ya tambayi Injiniya ko haka mutanen nasa suke aiki.

Mu dai lokacin ba mu san wannan ba. Patron ya ƙwala kira, "Tsoho! Fito!"

Yaya ya fita, na bi bayansa. Injiniya na tsaye da akwatin a hannu. Ya wanke hannun, amma gefen faratansa da layin tafinsa duk shuni. Yaya na ganin haka fuskarsa ta washe. Ya matsa ya kamo hannun yaron da hannu biyu, ya juya shi yana dubawa.

"Alhamdu lillahi, ya kama! Ka gani ko, ɗana? Shaidar na gaske ke nan. A garinmu in rawani bai bar maka wannan ba..."

Injiniya ya fizge hannunsa.

"Kai tsoho, makaho ne kai ko mahaukaci? Na ce maka baƙi, ka ba ni bulu!"

"Ranka ya daɗe, baƙi ne. Baƙin..."

"Rufe mini baki! Ka san abin da ka ja mini? Irinku ne kuke sa ake raina mu a ƙasar mutane. An kwaso ku daga ƙauye, ko launi ba ku sani ba."

Ya zaro tishu daga kan kanta ya goge inda Yaya ya taɓa shi, a gabansa, yatsa bayan yatsa. Sannan ya kifar da akwatin. Ƙudaje suka watse a ƙasa. Ya ce wa Patron wani abu da Turanci game da abin da zai rubuta a kan kantin a waya, ya fita.

Patron bai yi ihu ba. Da ma ya yi. Ya ce wa Yaya ya tsince su. Yaya ya durƙusa, mutum mai jikoki, yana bin ƙasan kanta da hannu, ƙugiyoyi suna shiga yatsunsa. Na sunkuya zan taya shi, Patron ya ce, "Kai, tsaya. Ba kai ka rina ba." Da ya gama, ya sa aka fito masa da kujera gaban kanti, inda kowa ke wucewa, ya ba shi reza ya ce ya feɗe su ɗaya bayan ɗaya, ƙugiyoyin kayan kanti ne, ba za a yi asararsu ba.

Yana zaune yana yanke aikin da ya fi kowane kyau a rayuwarsa, Patron ya shiga ɗakin baya ya ɗauko zaren da Yaya ya yi aiki da shi. Duk wanda ya shigo sai ya ɗaga masa. Ɗan Pakistan mai kawo ruwa ya shigo.

"Habibi, wannan wane launi ne?"

Ya ce bulu.

Wata 'yar Filifin mai aiki a kantin kusa ta leƙo neman canji. Ita ma ta kai shi bakin ƙofa ta duba a rana ta ce bulu. Kowa ya faɗa sai Patron ya juya ya ce, "Tsoho, ka ji?" Yaya bai ɗago ba. Ya ce a hankali, "Ba su sani ba ne. Ba 'yan gida ba ne."

"Voilà," in ji Patron. "Ba 'yan gida ba ne. To ga ɗan gida."

Ya miƙo mini zaren har yana taɓa hancina.

"Suruki, kai fa? Wane launi ne?"

Sai a lokacin Yaya ya ɗago. Rezar na hannunsa, yatsunsa jini da shuni. Kallona kawai yake. Na san amsar da yake jira. Na kuma san in na ba da ita, Patron zai ce makafi biyu gare shi, ya nemo wani daga waje. Na dubi zaren. Rana ta shigo ta gilashin ƙofa ta sauka a kansa.

Na ce, "Shuɗi ne."

Da na ce bulu ma da ya fi masa sauƙi. Bulu maganar 'yan boko ce, zai ce ban san abin da nake faɗa ba. Shuɗi kuwa kalmar gidansu ce, ma'anarta rinin bai kai ba.

Patron ya tafa hannu sau ɗaya. "C'est fini, tsoho. Halas. Ka ƙarasa kwanakinka, ka fara haɗa kaya."

Sauran kwanakin ya ci gaba da zuwa aiki, don sai an rufe wata za a sallame shi. Patron ya hana shi taɓa bango. Farin zare kawai yake ajiye masa, wai shi dai ba a saɓani a kansa. A Nahda labari ya riga mu isa. Samarin da suka yi mini dariya su ne suka koma kansa. Suka sa masa suna Baba Bulu. Da safe wani zai ɗaga kofi ya ce, "Baba, don Allah duba mini, shayin nan baƙi ne ko bulu?" Wani ya ce a kai shi asibitin ido kafin ya hau jirgi, kada ya shiga na wata ƙasa. Yaro ɗaya, wanda Yaya ya taɓa yi wa jinya da zazzaɓi ya kwantar da shi, shi ya fi kowa iya kwaikwayon muryarsa: "Alhamdu lillahi, ya kama!" Yaya sai ya juya fuska bango ya ja bargo. Ni ina sama ina jin gadon yana motsi.

Ya nemi wani aikin. Wa zai ɗauki mai shekarunsa, da tabarau kamar gindin kwalba? Ya kira Injiniya a waya don ya ba shi haƙuri, ko zai sa baki wajen Patron. Yaron ya toshe lambarsa.

Ranar tafiyarsa na ɗaukar masa jaka har bakin mota. Na miƙa masa hannu. Ya dubi hannun, ya shiga mota ya ja ƙofa.

Juma'ar da ta biyo na buɗe akwatina zan ɗauko farar shaddata, ita kaɗai ce kayan kirkin da nake da su. Na tarar da battar nan a buɗe a tsakiyar ninkin. Ashe Yaya ya murje shunin duka ya yayyafa masa ruwa kafin ya rufe. Na kai wa masu wanki, suka yi iya yinsu, suka dawo mini da ita da wani girgije daga ƙirji har cinya. Da ita nake zuwa masallaci har yau, ba ni da wata.

Matata ta kira bayan Yaya ya isa gida. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"An ce a gaban mutane aka tambaye ka, ka ce shuɗi ne."

Na ce, "Shuɗi ne."

"Yayana ne fa."

"Na sani. Na faɗa masa tun yana ɗaurawa, ya zagi ubana."

"Bai ce ka faɗa masa ba."

Ta kashe. Yanzu in na kira, yara take miƙa wa wayar. Abin da nake aikawa kuwa ba a taɓa dawo mini da shi ba, kuma na ji daga ciki ake auna wa gidan Yaya masara.

An sabunta mini biza. In mai saye ya zo ya ce baƙi, ko da wane harshe ya faɗa, sai na tashi na ciro zaren na sa masa a tafin hannu, na ja shi bakin ƙofa ya gani a rana. Ƙudajena ba su kai na Yaya kyau ba, Patron yana faɗa mini kusan kullum, kuma gaskiyarsa. Kujerar Yaya ta fi tawa samun hasken fitila, kuma ba ta girgiɗi. Na koma kan kujerar tun ranar da ya tafi, ina jin ko jirginsu bai tashi ba.